Sa Hannun Tanti Profira

Shekara talatin da ɗaya ke nan danga ɗaya ce ta raba gidana da na Profira, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin ta ɗaga wa ma'aikacin gwamnati murya ba. Ni take ɗaga wa. Kajinta su tsallako su tone min albasa, in na yi magana ta ce, "Costache, kai da ka ƙare rayuwarka kana shiga gidajen mutane ba sallama, yau kaza ce za ta nemi izininka?" Raba wasiƙu na yi, ƙauyuka shida a kan keke, har gwiwoyina suka ce sun gaji aka sallame ni da fansho.

Ita tatsar shanu ta yi a gonar gwamnati tun tana budurwa har gonar ta watse. Mijinta Toader ya rasu da wuri, ya bar mata 'ya ɗaya, Rodica. Profira ta iya karatu, amma a hankali, yatsa a kan layi. In ta je ofis a bakin ƙofa take tsayawa, jaka rungume a ƙirji, sai an ce mata ta shigo sau biyu. In akawu ya ce ta dawo gobe, godiya take yi masa.

Jikarta Ilinca tana da shekara huɗu Rodica ta sami aikin jinyar wata tsohuwa a Italiya. Uban yarinyar ya riga ya tafi aikin gini, tun daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Rodica ta kawo yarinyar da akwati ɗaya ta ajiye wa uwarta, kamar yadda rabin 'yan matan ƙauyenmu Ulmeasa suka yi. Profira ta riƙe ta. Ita ce wanka, ita ce kitso, ita ce tsayuwa a ƙofar makaranta cikin ƙanƙara. Ilinca "Bunica" take ce mata, wato kaka, ta ja ƙarshen sunan har sai an jiwo ta daga bakin rijiya.

A shekararta ta takwas yarinyar ta fara ƙin amsa kira. A kira ta sau uku tana zaune tana zane, ko juyowa ba ta yi. Profira ta ɗauka taurin kai ne, har ranar nan ta ja mata kunne. Wannan jan kunnen har yau in ta tuna shi sai ta kau da kai. Malamarsu ce ta gane cewa yarinyar ba ta ji sosai.

Ni na kai su asibitin birni a tsohuwar motata, cikin watan Maris. Likitar matashiya ce mai kirki. Ta duba, ta ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunne, ƙaramin aiki ne, bai fi minti ashirin ba, sai dai dole a sa ta barci. Ta miƙo takarda.

"Uwarta ko ubanta ya sa hannu a nan."

"Ni ce kakarta," in ji Profira, ta fara laluben tabaronta.

Likitar ta kira ta yadda ake kiran dattijuwa a wajenmu. "Na gane, Tanti. Kina da takardar kotu da ta ce an damƙa miki ita?"

"An damƙa min ita mana. A ƙofar gidana, da akwatinta."

Likitar ta ajiye biro. Ta yi mana bayani a hankali, da gani abin bai yi mata daɗi ba. Da a ce rai ne ke hannun Allah, ba za ta jira kowa ba. Tun da ba gaggawa ba ce, doka ta ɗaure mata hannu. Takardar kuwa ba a bayarwa sai uwar ta tsaya gaban alƙali da kanta.

Profira ta ce, "Na gode." Ta kama hannun Ilinca muka fito.

Rodica ta yi kuka a waya har muryarta ta dishe. Tsohuwar da take jinya tana kwance ba ta tashi, 'ya'yanta kuma sun ce in ta yi tafiyar mako guda za su ɗauki wata. Ba ta sami zuwa ba sai Agusta. Kafin nan kunnen ya yi ruwa sau biyu. An yi aikin, na dama ya warke sarai, na hagu bai dawo duka ba. Tun daga lokacin in kana yi wa Ilinca magana sai ta ɗan karkato maka gefen dama, kamar tsuntsuwa.

Bayan Rodica ta koma da mako biyu, ina ɗaure tumatir, sai ga Profira a bakin danga da takarda da biro.

"Rubuta min wasiƙa."

"Zuwa ga wa?"

"Wanda ya rubuta dokar nan."

Na yi dariya. "Ke da ba kya iya tambayar akawu ƙarfe nawa, ke ce za ki yi wa masu doka wasiƙa?"

"Ban ce ka yi min wa'azi ba, tsohon keke. Rubutu na ce."

Na ga idonta, sai na daina dariya. Muka zauna muka rubuta wa ma'aikatar da ke kula da iyali, shafi biyu. Na gaya mata gaskiya cewa a jakata na ɗauki irin waɗannan wasiƙu da yawa, kuma amsarsu kusan iri ɗaya ce. Haka kuwa aka yi. Kafin wata ya cika amsa ta zo, da hatimi da lamba, ana jajanta mata, ana sanar da ita cewa abin da doka ta tanada ke nan. Na ɗauka za ta karaya. Sai na tarar da ita tana bin layukan da yatsa, fuskarta a sake.

"Costache, sun amsa. Dubi, sunana ne nan, har sun rubuta shi daidai." Ta ɗago. "Sun ce ba su ne ke canza doka ba. To su waye?"

"Majalisa."

"Muna da mutum a ciki?"

Muna da mutum huɗu ma daga yankinmu, na ce mata, kuma kowanne yana da ofis a birni inda yake ganin jama'a rana ɗaya a mako. Ta yi mamaki ƙwarai. A tunaninta daga ranar zaɓe ba a ƙara ganinsu sai a talabijin.

Muka zaɓi mace a cikinsu, Doamna Zamfir, wato uwargida Zamfir, don Profira ta ce mace ta san zafin kunnen yaro. Ranar Juma'a muka je. Mutum tara ne a gabanmu, yawancinsu neman aiki suka zo yi wa 'ya'yansu. Da aka kira mu Profira ta toge a bakin ƙofa kamar kullum, sai da na tura ta da gwiwar hannu. Matar ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta ce, "Tanti, ba zan yaudare ki ba. In na shiga kwamiti da labarinki ke kaɗai, za su ce Allah sarki, su wuce zuwa batu na gaba. Ku nawa ne a haka? Ki kawo min sunaye, da ƙauyuka, da abin da ya sami kowa. Kuma ki zo da abin da kuke so a canza, a taƙaice, ba kuka kawai ba." Ta haɗa mu da wata lauya ta ƙungiyar iyaye mata, wadda ta zauna da mu yini guda har buƙatar ta koma layi uku: uwa ko uba da ke ƙasar waje ya je ofishin jakadancinmu na can ya sa hannu a aiko wa kotu, ba sai ya zo ba, kuma takardar ta yi aiki a asibiti da makaranta duka.

A mota Profira ta ce, "Kai ka san duk gidan da kwalin saƙo ke zuwa daga Italiya."

Na sani kuwa. Na san har gidan da ya daina zuwa.

Ba abu ne mai sauƙi ba. Gidan farko matar na ganin takarda ta tura jikokinta ɗaki ta tare ƙofa. "In na sa suna a nan, gobe masu kula da yara su zo su ce ba ni da izini, su kwashe min su. A'a, Profira, ki bar ni da wahalata." Gida na biyu haka, na uku ko buɗe mana ba a yi ba. Na ce mu koma, ta ce in jira ta a mota in na gaji.

Daga ranar ta daina fito da takarda. Sai ta shiga ta gaisa, in ta tarar ana ɓarar wake ta ja kujera ta sa hannu, ta ba da labarin kunnen Ilinca, har da jan kunnen, ba ta ɓoye ba. Kafin a cika kwano sai mai gidan ta fara nata. Wannan an hana jikanta zuwa gasar ƙwallo a wata jiha don ba mai sa masa hannu. Waccan ta yi shekara tana neman a sauya wa jikarta makaranta. Wata ta ce ita dai kwaikwayon sa hannun 'yarta take yi, kullum gabanta na faɗuwa. Ni ina gefe da littafi ina rubutawa.

Wanda ya fara sa mana hannu namiji ne, Gavril na ƙauyen kan tudu, tsohon makanikin tarakta mai riƙon jikoki uku shi kaɗai. Ya karɓi biro ya dube mu sama da ƙasa.

"Mai tatsar shanu da mai raba wasiƙa za su gyara ƙasa. To, Allah ya ba da sa'a. In an kama ku, ban san ku ba."

"Sunanka na nan da lambar katinka, Gavril," in ji Profira. "Ɗaki ɗaya za a sa mu."

Ya yi dariya har da tari, ya ɗauki hularsa ya raka mu gida bakwai da ƙafarsa. Bayan haka limamin cocinmu ya ba ta minti biyar a ƙarshen sujada ranar Lahadi. Ta tsaya gaban mutane, ta faɗi abin da za ta faɗa tana kallon takalminta. A ƙofar coci mutum sittin suka sa hannu. Malaman makaranta suka karɓi takardun suka kai ƙauyukan da motata ba ta iya hawa. Wasu matan da ke Italiya suka ji labari ta waya suka riƙa kiran iyayensu suna cewa su je su sa. Daga kaka zuwa ƙarshen sanyi muka tara suna dubu ɗaya da ɗari uku da 'yan kai, da littafi biyu cike da labarai.

Ilinca ce ta ƙulla wa takardun zare ja, don kada su watse a hanya.

A watan Mayu aka kira mu gaban kwamiti a Bucharest, babban birnin ƙasa. Profira ba ta taɓa zuwa ba. Ta cika jaka da mamaliga, tuwon masararmu, da cuku da dafaffen ƙwai kamar za mu yi mako, a ƙofar majalisa masu gadi suka buɗe jakar suka dubi juna. Ta ce musu, "Ku ɗauki ƙwai, 'ya'yana, na gida ne." Ɗaya ya ɗauka kuwa.

Mun yi tafiya a cikin ginin nan har ƙafata ta fara ciwo kafin mu kai ɗakin. Dogon tebur, mutum kamar ashirin, kwalaben ruwa, rabinsu suna duba waya. An ba ta minti uku. Na rubuta mata jawabi mai kyau, mun yi ta bitarsa a jirgin ƙasa. Ta miƙe, ta buɗe takardar, ta sa yatsa a layin farko. Sai ta ninke takardar ta miƙo min.

"Sunana Profira, daga Ulmeasa," ta ce. "Ku yi haƙuri, karatuna ba sauri. 'Ya'yanmu suna can suna wanke iyayen wasu, mu muna nan muna renon nasu. Ba mu kawo ƙarar wannan ba, haka zamani ya zo. Jikata ni nake tashinta da safe. In zazzaɓi ya kama ta ni nake jiƙa tsumma. In ta yi laifi a makaranta ni ake kira, ba a taɓa tambayata takardar kotu kafin a yi min faɗa ba. Ranar da za a gyara mata kunne ce aka ce ni ba kowa ba ce. Wata biyar muka jira. Yanzu in na tsaya ta hagunta na ce mata abinci ya nuna, ba ta ji na." Ta ɗora hannu a kan takardun. "Ba ni kaɗai ba ce. Ga sauran nan."

Wani ɗan majalisa mai ƙuruciya, wanda tun shigowarmu bai ɗago daga wayarsa ba, ya ce, "Doamna, na tausaya miki. Amma dokar nan don kare yara aka yi ta. In muka sassauta, me zai hana wani ya karɓe yaro ba da sanin uwarsa ba?"

"Ka yi tambaya mai kyau, ɗan nan," in ji Profira. "Shi ya sa ba mu ce a cire alƙali ba. Uwa ta je ofishinmu na can, ta nuna fuskarta da katinta, ta sa hannu. Alƙali ya zo ya duba gidana in yana so, zan dafa masa miya. Amma ni a shekaruna ban taɓa jin ɓarawon yaro ya je kotu neman izinin kai shi asibiti ba."

Aka yi dariya, har shi. Ya rubuta wani abu a takardarsa. Da muka fito ta zauna a kan matakala ta cire takalmi. Na ɓare mata ƙwai na miƙa mata.

Na so a ce daga nan aka gama, amma ba haka majalisa take ba. Batun ya wuce wannan kwamiti ya shiga wani, aka tafi hutu, aka dawo, sai zaɓe ya zo Doamna Zamfir ta faɗi. Ta kira Profira da kanta ta ba ta haƙuri, ta gaya mata lambar da aka ba batun da inda ya kwana. Wanda ya hau kujerar ɗan jam'iyyar da Profira ta rantse ba za ta taɓa zaɓa ba ne. Na ce to, shi ke nan, ya ƙare.

"Me ya ƙare?" ta ce. "Ban zaɓe shi ba, amma ai ni yake wakilta, ko ya so ko ya ƙi."

Ta je ofishinsa, wannan karon ita kaɗai a bas, don motata ta mutu. Daga nan kowace Litinin ta farkon wata sai ta buga waya ta karanto lambar ta tambayi inda aka kwana. Ba ta zagi, ba ta roƙo. Sakatariyar har ta gane muryarta, tana ɗauka sai ta ce, "Tanti Profira, ya Ilinca?" Ta sa kakanni goma sha biyu su ma suna bugawa, kowa da ranarsa. Gavril ya ce shi ba ya iya magana da ladabi, aka ba shi aikin tuna wa sauran.

Shekara uku da rabi bayan ranar asibiti aka yi gyaran. Lauyar ce ta kira. Profira na cikin lambu, ta saurara, ta ce, "Na makarantar fa?" Aka ce wannan bai shiga ba, na kotu da na asibiti ne suka wuce. Ta kashe waya tana mita, wai an ba ta riga ba hannu ɗaya. Sai da ta shiga ɗaki na jiwo kukanta ta taga. Ban shiga ba. Na kama kajinta biyu da ke cikin albasata na mayar mata a hankali.

Ita kanta ba ta taɓa amfani da gyaran ba. A bazarar da ta biyo baya Rodica ta sami ɗaki nata a can, ta zo ta tafi da Ilinca. Yarinyar tana kira kowace Lahadi bayan coci, tana gyara wa kakarta yadda ake faɗin sunayen abincin Italiya, Profira tana cewa duk taliya ce.

Kwanakin baya muna dawowa daga kasuwar birni a bas, wata mata da ba mu sani ba ta zauna kusa da Profira, da yaro a cinya an naɗe masa wuya. Hira ta kai su ga jikoki. Da matar ta ji cewa 'yar Profira na Italiya, sai ta gyara zama.

"To ki saurare ni, 'yar'uwa, kada ki sha wahalar banza. Yanzu ba sai 'yarki ta zo ba. Ta je ofishin jakadanci can, ta sa hannu, su aiko. Ni mako uku aka yi min, ga shi jiya aka yi wa wannan aikin maƙogwaro, ni na sa hannu da kaina. Da can ba haka ba ne, an ce wasu mata ne suka je har Bucharest suka yi ta fama. Kina da biro? Bari in rubuta miki abin da za ki tambaya."

Na buɗe baki zan yi magana, Profira ta taka min ƙafa. Ta laluba jaka ta fito da biro da bayan wata takardar magani. Matar ta rubuta mata komai dalla-dalla, har da ƙofar da za ta shiga a kotu da ranar da ba a cika layi ba. Profira ta bi layukan da yatsa har ƙarshe, ta tambaye ta wata kalma da ba ta gane ba, ta ninke takardar ta sa a jaka.

"Allah ya saka miki," ta ce. "Yaron yana iya cin tuffa, ko maƙogwaron bai warke ba?"

Matar ta ce sai dai mai laushi. Profira ta zaɓo wadda ta fi nuna a cikin jakarta, ta goge ta da gefen ɗankwali ta ba shi. A mararrabar gaba suka sauka, mu muka wuce Ulmeasa.